A Bar Mai Ƙaramin Babur Shi Ma Ya Ga Teku

A watan Disamban 2023 wani bidiyo ya karaɗe wayoyin 'yan Najeriya. Wata 'yar ƙasar Holan mai suna Noraly Schoenmaker, wadda ta yi suna wajen zaga duniya ita kaɗai a kan babur, ta biyo hanyar Moniya zuwa Iseyin a jihar Oyo, sai wasu 'yan sandan sarauniya biyu suka tsayar da ita. Suka tambaye ta daga inda ta fito, ta gaya musu, sai suka ce ta ba su kuɗi, alhali kyamararta tana ɗauka. Ba a ɗauki kwanaki ba rundunar 'yan sandan jihar ta sanar da korarsu. Mutane suka yi ta cewa an zubar mana da mutunci a idon duniya.

Korar ta yi daidai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, abin da aka yi wa wannan baiwar Allah sau ɗaya, shi ake yi wa 'ya'yanmu safe da yamma a kan kowace babbar hanya, da wuya kuma ka ji an kori wani saboda su. A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48. Aka tsare su, aka ɗauki hotunansu aka baza ko'ina kamar an kama 'yan ta'adda. Da aka bincika ba a same su da komai ba, aka sallame su. Neman abinci ya kawo su, kuma sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zuwa duk inda ya ga dama a cikin Najeriya ya zauna.

Waɗannan ma suna da amsar da za su bayar, sun zo ci-rani. To, ina ga wanda ya fito yawo kawai? A ganina ma'aunin 'yancin zirga-zirga a Afirka ta Yamma ba ya cikin jawaban shugabanni a taron ECOWAS. Za a san an samu wannan 'yanci ne ranar da saurayi daga Haɗeja ko Maraɗi ko unguwar Nima ta Accra zai hau Boxer ɗinsa, da takardunsa cikakku da hular kwanonsa, ya bi gaɓar teku, jami'i ya tambaye shi ina za ka, ya ce ranka ya daɗe yawo nake, inda dare ya yi mini nan zan kwana, a duba takardunsa a miƙa masa ya wuce.

Mutum ya san abin da ake hana shi kafin ya ji zafin hanin, don haka bari in faɗi yadda hanyar take. Daga Legas zuwa Abijan kilomita dubu ne da 'yan kai, kuma cikin wannan tazara za ka ratsa ƙasashe biyar: Najeriya, Benin, Togo, Ghana da Kodebuwa. Ka fita ta Badagry ka tsallaka a Seme, kafin ka gaji ka shiga Kwatano, garin da babur ke mulki. 'Yan achabarsu, waɗanda suke kira zemijan, sanye da riguna ruwan ɗorawa, sun cika kowace mahaɗa, kuma a gefen titi ga fetur a cikin manyan kwalabe ana sayarwa. Idan ka bar hayaniyar kasuwar Dantokpa ka nufi yamma, ba dole sai ka bi babban titi ba. Akwai hanyar masunta da ta bi bakin ruwa daga unguwar Fidjrossè har Wida, teku a hagunka, tafki da itatuwan kwakwa a damanka. Da safe za ka tarar da maza sun yi layi suna jan taru daga cikin teku da waƙa, mata na jira da kwanoni a gefe. Wanda ya tsaya ya kama igiya ya taya su ja, ba zai tashi hannu biyu ba. Gaba kaɗan ga Grand-Popo inda kogin Mono ke neman hanyarsa zuwa teku, sai iyakar Hillacondji, sai Aneho. Gaɓar Togo gaba ɗayanta ba ta kai kilomita 60 ba, kana iya karya kumallo a Benin ka yi sallar azahar a Lome, kuma birnin Lome jingine yake da iyakar Ghana, ƙafa ma tana kai mutum Aflao. Daga nan hanya ta rabu. Mai sauri ya miƙe ta gadar Sogakope zuwa Accra. Wanda ba ya sauri ya karya hagu ya shiga siririn tsirin yashin nan na Keta, ruwa ta ko'ina, gonakin albasa ƙanana a tsakani. Bayan Accra akwai Winneba, Cape Coast, Elmina da ganuwarta da Turawan Fotugal suka gina a 1482, Takoradi, Axim, da ƙauyen Nzulezu da aka kafa a kan turaku cikin ruwa, kafin a kai Elubo a faɗa Kodebuwa.

Motar haya ma tana bin wannan hanya, amma daga tasha zuwa tasha take kai mutum. Direba lissafin sawu yake yi, ba zai tsaya don kana son ka ga inda kogi ya haɗu da teku ba. Babur kuwa yana shiga burtalin yashi inda mota ba ta isa ba, ana ɗora shi a kwale-kwale a tsallaka da shi, kuma idan irin namu ne na talakawa, Boxer ko Haojue ko TVS, babu ƙauyen da za ka rasa mai faci ko makaniken da ya san cikinsa. A nan ma mai ƙaramin babur ya fi mai ƙaton babur na miliyoyi kwanciyar hankali, domin shi wancan idan wani abu ya lalace masa sai ya jira a aiko masa daga Turai. Ga shi kuma mai babur a fili yake. Yana jin ƙaurin kifin da ake banda, yana amsa gaisuwa, yara suna ɗaga masa hannu. Mutane sun fi sakin jiki da wanda suka ga ƙurar hanya a fuskarsa.

Rashin tsari kuwa, wanda wasu ke gani kamar sakarci, shi ne ke buɗe ƙofofin. Abubuwan da suka fi daɗin gani a bakin teku ba su da jadawali da za ka samu a intanet. A garuruwan masunta da yawa na Ghana ba a fita su ranar Talata, sai ka tarar da jirage jere a kan yashi, maza na ɗinkin taru, lokacin hira ya samu. Kasuwannin ƙauye kowace da ranar cinta. Damina a can kashi biyu take zuwa, babba daga wajajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba, kuma ruwan sama ɗaya yana iya zaunar da kai a rumfar wani har ku zama aminai. Wanda ya riga ya biya kuɗin otal a gari na gaba, agogo yake kallo. Wanda bai yi wa kowa alkawari ba, idan aka ce gobe akwai suna a gidanmu ka tsaya, sai ya tsaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a duk masu iya yin wannan tafiya babu wanda aka shimfiɗa wa hanya kamar mai jin Hausa, kuma shi ne ya fi kowa tsoron fita. Fataken da suka yi ƙarnoni suna zuwa Gwanja sayen goro ba tafiyar gaba-gaɗi suke yi ba, ayari yana da madugu da jagaba, kowa da aikinsa. Amma sun bar mana abin da ke sa mutum ɗaya tilo ya iya sauka a gari ba tare da ya aika da sanarwa ba, wato zango da al'adar mai masauki. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, sai suka bazu Kete-Krachi da Kumasi da Accra da sauran garuruwan kudu. Tun kafin nan ma sojojin Hausa da Baturen mulkin mallaka Gwamna Glover ya tara a Ikko, wato Legas, an kai su yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, wasunsu kuma ba su koma ba. Yau akwai unguwar Zongo da babban masallacinta a tsakiyar Kwatano. Akwai zangon Lome, wanda aka tasa daga cikin gari a 1977 aka mai da shi arewacin birni. A Accra akwai Sabon Zango na Malam Baƙo, ga Nima da Mamobi. Akwai zango a Cape Coast, akwai a Sekondi. Ka shiga masallaci ka yi magariba, bayan sallama ka ce ni baƙo ne, da wuya a bar ka ka kwana a waje. Za a kai ka wajen sarkin zango ko wani dattijo, a tambaye ka mutanen gida, wataƙila ma ka tarar kakansa daga garinku ya fito. Da asuba ga koko da ƙosai a bakin titi. Bature sai ya biya ɗan jagora da otal kafin ya samu kashi ɗaya cikin goma na wannan.

Akwai kuma wani tarihin namu a wannan gaɓa da ba a cika koya mana ba. A bakin tekun Wida an gina wata ƙofa a 1995 don tunawa da bayin da aka loda a jirage daga wurin. Baƙaƙen fatan Amurka da Brazil suna zuwa su tsaya a gabanta suna kuka, mu kuwa muna ɗauka labarin wasu ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da bayansu, an gangaro da Hausawa masu yawa da aka kama, aka sayar da su ta Wida da Porto-Novo da Badagry da Ikko, aka kai su Bahia ta ƙasar Brazil. Su ne suka kitsa yunƙurin tawayen 1807 a can, suka sake tashi a 1814, kafin babban boren bayi Musulmi na 1835. Wasu daga cikin waɗanda suka samu 'yanci sun dawo wannan gaɓa, kuma babban masallacin Porto-Novo, mai fasali irin na gine-ginen Bahia, yana daga cikin abin da zuriyar masu dawowa suka bari. Ɗalibin da ya tsaya a kan wannan yashi ya ga yadda igiyar ruwa ke dukan gaɓa, ya tuna cewa mutumin Katsina ko Zazzau wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba an taɓa tura shi cikin kwale-kwale a nan da mari a ƙafa, ya samu darasin da aji ba zai ba shi ba.

A takarda babu abin da ya hana. An kafa ECOWAS a Legas a 1975, kuma a 1979 a Dakar aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a. Ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba biza ya zauna har kwana 90, in dai yana da takardar tafiya mai aiki da katin rigakafi. Ta kuma ce abin hawa na kai, wanda ba na haya ba, shi ma yana iya shiga na kwana 90 idan akwai lasisin tuƙi da takardar mallaka da inshora da takardar kwastam. A 1982 aka ƙirƙiro katin inshora na bai ɗaya da ake kira Brown Card don haka. A 2018 aka buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme-Krake, Buhari da takwaransa na Benin, Talon, suka yanke ƙyalle, aka ce an gama da wahalar tsayawa sau biyu. Babu inda yarjejeniyar ta ce sai ka faɗi sunan wanda za ka je wurinsa, ko ka nuna shaidar cewa kasuwanci ya kawo ka.

Kowa ya bi hanyar Mile 2 zuwa Badagry zuwa Seme ya san abin da ke ƙasa daban ne. Shinge na ganin shinge, kowanne da irin kakinsa, wasu ma ba kaki, sai sanda da katako mai ƙusa. A kan iyakoki kuma ana karɓar kuɗin buga hatimi wanda babu rasit, har da wani ƙari wai don fasfo sabo ne ba a taɓa buga masa ba. Ɗan kasuwa ya saba, ya sa wannan cikin lissafinsa, ya ɗora wa mai saye. Direban haya yana da mutanensa a kowane shinge. Wanda ya fi shan wuya shi ne matafiyin da babu kaya a bayansa sai jaka da bargo. Ba a gane shi ba. Idan farin fata ne an san sunan abin da yake yi, yawon buɗe ido, har a nemi ɗaukar hoto da shi. Idan ɗan ƙasa ne mai ƙaton babur da rigar fata, an san babban mutum ne, a yi masa kirari. A 2022 da Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur don yaƙi da cutar shan inna, ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, tarbar girma aka yi masa tun daga Seme, kuma ya cancanta. Amma idan baƙin saurayi ne siriri a kan Boxer, da harshen Arewa a bakinsa, ya ce yawo yake, to ya shiga uku. Sai a juye jakarsa, a karɓi wayarsa a shiga hotuna, a ce waye ya aiko ka.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba na raina ta. Babur ya zama abin hawan masu kashe mu. A kan babura ake shiga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato a kwashe mutane. Kano ta hana achaba a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A Nijar an hana hawa babur a jihar Diffa a 2015, aka yi haka a sassan Tillaberi a 2020. A 2021 jihohin Arewa maso Yamma sun ƙuntata hawansa da sayar da shi, a 2022 ma har gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana shi a ƙasa baki ɗaya. Uwar da aka ɗauke wa ɗa a kan babur, ƙarar inji kaɗai tana tsinka mata zuciya, babu mai hankalin da zai ce mata tsoronta banza ne. Mutumin Kudu da ke jin waɗannan labarai kullum, idan ya ga baƙuwar fuska a kan babur a ƙauyensu ya ji ɗar, shi ma ɗan Adam ne.

Sai dai a duba da kyau. 'Yan bindiga gungu-gungu suke tafiya ta cikin daji, ba sa bin layi a Seme da fasfo a hannu. Shingen da ake wucewa da naira ɗari biyar kuwa ba ya tsare kowa, domin mai mugun nufi shi ya fi kowa saurin miƙa kuɗin da fara'a. Wanda ke tsayawa yana gardama cewa takardunsa sun cika shi ne mai gaskiya, shi ne kuma ake ɓata wa yini. Idan kuma aka bar zato ya zama doka, aka koya wa jama'a cewa kowane matafiyi daga Arewa abin tuhuma ne, ƙarshen abin mun gan shi a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025, inda aka sauke mafarauta daga motar da ta ɗauko su daga jihar Ribas za su gida Kano yin salla, aka kashe 16 daga cikinsu, aka ƙona. Ba su kan babur, amma ciwon ɗaya ne. Tsaro na gaskiya rajista ce da ke aiki: lambar babur da za a iya dubawa a kwamfuta nan take a san mai shi, lasisi na gaske, jami'in da ke da albashin da zai riƙe shi da hukuncin da yake tsoro.

Dokar Legas ma tana buƙatar gyara ta wannan fuska. Tun 2012 aka hana babura masu ƙarfin ƙasa da cc 200 hawa tituna 475, aka tsananta a Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka hana achaba ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, bayan kisan gillar da aka yi wa wani matashi a Lekki wanda aka ɗora wa 'yan achaba. Gwamnati tana da hujjar haɗurra da laifuka, kuma gari mai wannan cunkoso yana da ikon tsara harkar haya. Amma babbar hanyar Badagry tana cikin waɗanda aka hana, ita ce kuma ƙofar fita zuwa yamma. Ma'aunin girman inji a aikace ma'aunin aljihu ne. Mai babur na miliyoyi ya wuce, mai na talaka a ƙwace a kai a niƙe, ko da bai taɓa ɗaukar fasinja ba. Bambance ɗan haya da matafiyi ba abu ne mai wuya ba: launin lamba daban, hula a kai, kaya a baya maimakon mutum.

Mu ma akwai namu. Da yawa daga cikin masu hawa babur a garuruwanmu ba su da lasisi, takardun babur sunan wani ne can da aka saya hannu na uku, hular kwano kuwa ana ganin ta kamar alamar tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Tafiya ba tsari ba ta nufin tafiya ba shiri. Wanda bai san inda zai kwana ba, dole ya san birkinsa na ci, tayarsa na da rai, katin allurar shawara na aljihunsa, kuma ya sauka daga titi kafin magariba, don manyan motocin da ke tsakanin tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Tema ba sa ganin mai babur da dare. A Benin an tsananta dokar hula a 2024, har da fasinja, kuma sun yi daidai. Wanda zai nemi a girmama haƙƙinsa, sai ya zo da nasa a cike.

Sai kuma yadda muke kallon tafiyar ita kanta. A wurinmu tafiya sai da dalili: fatauci, karatu, aikin hajji, zumunci, jinya. Saurayi ya ce zai je ya ga teku ya dawo, sai a ce ya fara lalacewa, ko a ce wannan aikin Turawa ne da suka ƙoshi. Mu ne kuma muke cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma a wurare da dama Alƙur'ani ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 cika tanki ya zama abin lissafi, kuma magidancin da ke neman na cefane ba da shi nake ba. Amma akwai samari da yawa da ke kashe abin da ya fi kuɗin wannan tafiya a kan waya ɗaya ko ankon biki. Ribar kuwa ba tasu ba ce su kaɗai. Yawancin mutanen bakin teku ba su san Bahaushe ba sai a matsayin mai gadi, mai shayi, ɗan achaba ko sunan da ake ji a labarin tashin hankali. Mu ma abin da muka sani game da su bai wuce jita-jita ba. Ranar da ɗan Gumel ya kwana a gidan masunci ɗan ƙabilar Ewe a Keta, aka ba shi tabarma aka nuna masa gabas, ya tashi ya taya su tura jirgi, an rage mutum biyu daga cikin waɗanda za a iya zugawa. A 2024 wata 'yar Najeriya, Ebaide Joy Udoh, ta taso daga Kenya ita kaɗai a kan babur har Legas. Ina son in ga ranar da za a ji sunan ɗan Arewa a irin wannan, ya dawo ya ba mu labari da Hausa.

Akwai dalilin gaggawa, domin gaɓar da nake magana a kanta tana ƙarewa. Teku na cin ta. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 yashin da kogin Volta ke kawowa ya ragu, tashar jiragen ruwa ta Lome da aka buɗe a 1968 ta tare wanda ke gangarawa gabas, sai ruwa ya shiga cin ƙasa. Tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho tana cikin teku yanzu. A Keta ruwa ya cinye babban ɓangare na ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a 1784, ƙauyen Fuveme kuwa kusan babu shi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku ta jawo wa Benin da Kodebuwa da Senegal da Togo asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai. Abin da ruwa ya bari kuma masu kuɗi na killacewa. Tsofaffinmu da suka yi zaman Ikko a Bar Beach suka fara ganin teku, kyauta, yau an cike wurin an gina Eko Atlantic. An tashi mutanen Otodo Gbame a 2016 da 2017, an tashi na Tarkwa Bay a Janairun 2020. A Benin ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a 2023 kan dubban mutanen da aka kora daga gidajensu a bakin ruwa don ayyukan ƙawata gari da yawon buɗe ido, ciki har da wasu ƙauyukan hanyar masuntan da na ambata. Yawon buɗe idon da ke korar masu gari don a gina wa baƙi otal, ban ga alherinsa ba. Mai babur da ke sayen soyayyen kifi a hannun mai talla, ya biya ɗan ɗakin kwana a ƙauye, kuɗinsa kaɗan ne amma hannun talaka yake shiga kai tsaye.

Ana ta gina manyan tituna. Najeriya ta fara titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700 a 2024, ana kuma shirin babban titi mai layi shida daga Abijan zuwa Legas, kilomita 1,028. Muna so, tirela da ɗan kasuwa suna buƙata. Amma tun yanzu ya kamata a tambayi masu zanen: mai ƙaramin babur ta ina zai bi? Za a ci gaba da gyara tsohuwar hanyar da ke ratsa garuruwa ko za a bar ta ta mutu? Za a bar wa jama'a mashigar zuwa bakin ruwa wadda ba sai an biya ba? Idan ba a rubuta waɗannan cikin kwangila ba, ba za a yi su daga baya ba.

Wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya a yanzu shi ne ɗan'uwanmu na Nijar. Hanyarsa ta zuwa teku tun da can ita ce Dosso, Gaya, gadar Malanville, Parakou, Kwatano. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka datse gadar, mutane suka koma tsallaka kogin Kwara a kwale-kwale da kayansu da baburansu, suna biyan ninki. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu, a bar su su shiga ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Wannan jinkiri ne, kuma jami'in da ke kan shinge ya san haka, yana kuma amfani da shi wajen tsawwala wa mai katin Nijar. Duk abin da gwamnatocin ɓangarorin biyu za su yi jayayya a kai, na soja ne ko na kwastam, ya kamata su ware batun mutane da abin hawansu su sa masa hannu daban, da kwana 90 ɗinsa da katin inshorarsa yadda yake tun 1979 da 1982, a liƙa shi da manyan baƙaƙe a kowace iyaka daga Gaya har Elubo, da Faransanci da Turanci da Hausa, tare da lambar wayar da matafiyi zai kira idan aka ce ya kawo wani abu.